Hayaƙin Gidan Likita da Wasan Salula: Darasin da Ya Dace da Ɗaliban Bakin Komadugu

A shekarar 2019 wata ƙungiya mai suna Health Care Without Harm, da taimakon kamfanin injiniyoyi na Arup, ta fitar da wani lissafi wanda ya sa ma'abota aikin likita a Turai da Amurka suka yi jugum, domin kuwa ya bayyana musu cewa sana'ar nan tasu, wadda suka daɗe suna ɗauka rahama ce zalla ga 'yan Adam, tana da nata kaso a cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma kason ba ɗan kaɗan ba ne. Lissafin ya nuna cewa asibitoci da masana'antun magunguna da dukan abin da ya rataya gare su suna fitar da kashi 4.4 cikin 100 na wannan hayaƙi, wato kimanin tan biliyan 2 a shekara, har aka ce da aikin likita ƙasa ce mai sarki da tuta, da ita ce ta biyar a jerin masu ɓata iska. Amurka da Sin da Tarayyar Turai su kaɗai ke da kashi 56 na wannan nauyi. Abin da ya fi ba mutane mamaki kuwa shi ne, kashi 71 na hayaƙin ba a harabar asibiti yake tashi ba, yana tashi ne tun can wurin ƙera magani da allura da safar hannu, da jiragen ruwa da manyan motocin da ke jigilarsu, da kuma wurin da ake zubar da su bayan an gama amfani.

Daga nan fa sai hukumomi suka farga. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauki alkawarin share hayaƙin da ke hannunta kafin 2040, wanda ke hannun masu sayar mata da kaya kuma kafin 2045. A 2023 Sikotland ta hana amfani da desflurane, wata iskar sa barci ta ɗakin tiyata wadda ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na hayaƙin gawayi kusan sau 2,500. Aka duba 'yan kwalaben fesa na masu ciwon asma aka tarar iskar da ke tura maganin ita ma tana da nata laifi. A Faransa ƙungiyar The Shift Project ta ƙiyasta cewa sha'anin lafiya ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na hayaƙin ƙasar baki ɗaya. To, da yake duk wanda zai gyara al'adar wata sana'a daga almajiranta yake farawa, sai hankali ya koma kan makarantu, inda wani bincike na ƙungiyar ɗaliban likita ta duniya ya tarar, a wajajen 2020, makarantar likita 15 ce kacal cikin 100 take ambaton sauyin yanayi a manhajarta.

Amma malamai ba su daɗe ba suka gane cewa ɗalibin da aka riga aka ɗora wa haddar ƙasusuwa da jijiyoyi da sunayen magunguna, in aka ƙara masa lacca a kan tan-tan na hayaƙi, zai rubuta ta a takarda, ya amayar da ita ranar jarrabawa, ya fita ya manta. Wannan ne ya sa suka koma ga wasa. A Faransa akwai Fresque du Climat, wanda Cédric Ringenbach ya ƙirƙiro, kati ne 42 da ake baza wa ɗalibai a kan tebur su jera da kansu, sababi kafin musabbabi, har su ga yadda ƙona man fetur ke kaiwa ga fari da ƙaura da annoba. A Amurka akwai En-ROADS, wanda Climate Interactive da makarantar MIT Sloan suka gina a kwamfuta, inda ɗalibi ke matsa wannan ma'auni ya sassauta wancan, nan take ya ga inda zafin duniya zai tsaya a ƙarshen ƙarni. A kan irin wannan tafarki ake ta ƙera wasu na musamman domin ɗaliban likita da na jinya da na harhaɗa magani, inda ake danƙa wa mai wasa asibiti a cikin allon waya, a ce masa ya zaɓi iskar sa barci, ya zaɓi rigar tiyata ta wankewa ko ta yarwa, ya rarrabe shara, sannan a ba shi maki gwargwadon hayaƙin da ya rage.

Yanzu sai mu ɗauko wannan magana daga can mu kawo ta ƙasar Mangari, mu ga yadda za ta zauna.

Garin Diffa, fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, yana kan gaɓar arewa ta Komadugu Yobe, kogin da ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya kafin ya zuba a Tafkin Chadi kusa da Bosso. Ruwansa ba na nan ba ne, baƙo ne da ke tasowa daga kogin Haɗeja da na Jama'are, ya biyo ta fadamun Nguru da Gashuwa, ya iso bayan damina ta yi nisa, ya cika ya batse a lokacin da sama ta riga ta ɗauke, sa'an nan ya janye ya bar tafkuna nan da can a cikin rairayi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwansa da yawansa sun rataya ga hannun mutanen da ba su taɓa ganin Diffa ba. A bakin wannan ruwa ne Mobar da sauran Barebari suke noman jan tattasai da injunan ban-ruwa masu shan fetur, tattasan da ake shanyawa a tura buhu-buhu zuwa kasuwannin Najeriya, wanda da kuɗinsa ake aure, ake biyan makaranta, ake sayen magani. Kuma a kudancin wannan kogi ne, ba da nisa ainun ba, kufan Birnin Gazargamu yake, fadar Mai Ali Gaji da magadansa, wadda ta shafe fiye da shekara 300 tana tara malamai da almajirai kafin faɗuwarta a 1808. Ba ƙasa ce da ilimi ya zo wa jiya ba.

Abin da ya auka wa wannan kwari cikin 'yan shekarun nan sananne ne. A watan Fabrairu na 2015 mayaƙan Boko Haram suka far wa Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsai da cinikin tattasai da na kifi na wani lokaci, aka rufe wasu ɗakunan shan magani na bakin ruwa, jama'a kimanin 250,000, 'yan gudun hijira da 'yan ƙasa da suka bar garuruwansu, suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta da sansanin Sayam Forage. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke saboda gurɓataccen ruwa, kuma mata masu juna biyu ya fi kashewa. A watan Oktoba na 2019 Komadugu ya yi wata irin ambaliya da ta raba mutum kimanin 23,000 da muhallansu, ta cinye gonakin shinkafa da na tattasai. Ɗalibin jinya ɗan Diffa ko Maine-Soroa ko N'Guigmi, wanda ya tafi makarantar kiwon lafiya ta Damagaram ko ta Yamai, ba ya bukatar kati 42 kafin ya yarda cewa yanayi ya sauya, domin gonar ubansa ce ruwa ya ci.

To ina hayaƙin gidan likita a irin wannan wuri? Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ɗaya daga cikin cibiyoyin lafiya na karkara, waɗanda ake kira CSI, ya san amsar da hancinsa da kunnensa. Na farko shi ne gurup, injin wuta da ke ɗakinsa a bayan gini, wanda in an ɗauke wuta, ko in wurin ba shi da layi sam, ake cewa a tashe shi, in akwai mai. Kowace litar gazuwal da ya sha tana sakin kimanin kilo 2.7 na hayaƙi, kuma sau da yawa babban inji ne ake tayarwa domin 'yan ƙwayayen fitila da na'urar iskar numfashi guda, yana ruri yana shan mai alhali aikin da yake yi bai kai rubu'in ƙarfinsa ba. Garin Diffa kansa ya daɗe yana dogaro da layin wuta mai shigowa daga Najeriya, wanda rashin tsaro ya sha katsewa, sai a koma kan injunan gazuwal na kamfanin lantarki na NIGELEC. Na biyu shi ne firijin rigakafi, wanda wajibi ne ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40. Safe da yamma ma'aikaci yakan buɗe, ya duba ma'auni, ya rubuta a takardar da ke manne a murfi. Ya ɗaga kwalba ya dubi ɗan tambarin nan mai murabba'i a cikin da'ira, wanda in murabba'in ya yi duhu ya daidaita da da'irar, to zafi ya riga ya kashe maganin, sai zubarwa. Kwalbar da aka zubar kuwa ta tafi da dukan hayaƙin da aka ƙona wajen ƙera ta a Indiya ko Turai da ɗauko ta a jirgi cikin sanyi, ta kuma bar yaro ba rigakafi. Na uku shi ne wurin ƙona shara, inda ake kai kwalayen nan masu cike da allurai, da robobin ƙarin ruwa, da auduga mai jini. In murhun tubali ne mai kyau, aka ɗumama shi tukuna har ya haura digiri 800, hayaƙin yakan fita fari-fari ba yawa. In kuwa rami ne aka watsa wa kananzir, sai baƙin hayaƙi mai ɗauke da guba ya bi iska ya shiga ɗakin haihuwa da gidajen maƙwabta.

A nan ne nake ganin wasan da aka ƙera domin asibitin Landan ko Faris, in aka juye shi yadda yake a wayar ɗalibin Diffa, zai zama zalunci a cikin rigar ilimi. Ba'amurke guda yana fitar da hayaƙin fiye da ɗan Nijar ɗari, tunda rabon ɗan Nijar bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ba a shekara. Desflurane da ake ta faɗa a kansa bai zama ruwan dare a ɗakunan tiyatarmu ba, inda ketamin da allurar ƙashin baya suka fi yawa. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da abokan aikinsu suka fitar a 2023 ya ce mutum kusan biliyan 1 ne ke zuwa asibitocin da ba su da wuta ko wutarsu ba ta da tabbas, kuma a Afirka kudu da Sahara kashi 15 cikin 100 na cibiyoyin lafiya ba su da ita ko kaɗan. Wanda ake karɓar haihuwa a gabansa da tocilar salula a baki, in ka ce masa ya rage shan wuta, ka yi masa ba'a.

Sai dai wannan ba hujja ba ce ta yin watsi da ilimin gaba ɗaya, kuma masu cewa a bar Turawa da hayaƙinsu sun yi gaggawa. Dalili kuwa shi ne, a irin ƙasarmu, hanyar rage hayaƙi da hanyar ceton rai sukan haɗu a wuri guda fiye da yadda suke haɗuwa a can. A Zariya aka ga misalin wannan. A 2008 wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zauna a asibitin Ƙofar Gayan tana nazarin dalilan mutuwar mata wurin haihuwa, ta ga ana jinkirta tiyata saboda duhu, ana ɗinki da fitilar kananzir. Mijinta Hal Aronson ya tsara wa asibitin wutar hasken rana, daga nan kuma aka samo akwatin nan mai faranti da batir da fitilu wanda ƙungiyar We Care Solar ta yaɗa a ƙasashe da dama. Ba don hayaƙi aka yi shi ba, don uwa da jariri aka yi, amma kowane dare da ya haskaka gazuwal ne da kananzir ba a ƙona ba. Haka firijin zamani da ke aiki da rana kai tsaye ba tare da batir ba, wanda ke daskarar da ruwa a jikinsa da rana ya riƙe sanyi da dare, wanda asusun Gavi ya taimaka aka rarraba a ƙasashenmu: ya kori firijin kananzir mai lagwani, ya kuma rage asarar rigakafi. Haka maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara wata-wata da damina tun 2013, domin yaron da bai kwanta ba bai ci robar ƙarin ruwa ba, bai ci iskar numfashi ba, ba a ƙona mai an kai shi babban asibiti ba.

Akwai waɗanda kalmar wasa kanta za ta tsaya musu a rai, kuma suna da abin kafa hujja, tunda mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta game da shaɗaranji da makamantansa, saboda lahawu ne mai shagaltarwa, mai kusantar caca. Amma wanda ya zauna a zauren malamin fiƙihu ya san cewa koyarwa ta hanyar ƙaddara mas'ala tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Malamin gado ba ya jiran wani ya mutu kafin ya koyar da rabo. Cewa yake a ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya mata uku da ɗan'uwa shaƙiƙi, ya miƙa wa almajiri ya warware, in ya kuskure a gyara masa, ba tare da an ci haƙƙin maraya ko ɗaya ba. Wasan kwamfuta na ilimi, in an cire masa ado, wannan ne: mas'ala ƙaddararriya wadda na'ura ke ba da hukuncinta nan take. Kuma an gwada shi a Afirka. Jami'ar Oxford da cibiyar bincike ta KEMRI-Wellcome a Kenya sun ƙera wasan salula mai suna LIFE, inda ma'aikaci ke tsintar kansa a ɗakin haihuwa da jaririn da bai yi kuka ba, agogo yana tafiya, dole ya nemo kayan aiki ya bi matakai bisa tsari. Cibiyar yanayi ta ƙungiyar Red Cross ita ma ta daɗe tana koyar da jami'ai da manoma shirin ambaliya da wasan ƙwayoyin wake, ba ko lantarki.

Wasan da ya dace da bakin Komadugu, a ganina, shi ne wanda zai naɗa ɗalibi majo, wato shugaban wata cibiya ta karkara, ya ba shi shekara guda da kasafi ƙanƙane, ya sake shi. Da sanyi hazo zai rufe farantan rana da ƙura, wuta ta ragu, sai ya lura ya sa a share, ko ya yi zaton batir ne ya mutu ya ɓarnatar da kuɗi. Da bazara ga sanƙarau da ƙyanda, ga firiji yana fama. Da damina zazzaɓi zai cika ɗaki, bayanta kuma kogi ya kawo, hanya ta yanke, wanda bai yi odar magani da wuri ba sai ya aika mota sau uku inda sau ɗaya ya isa, wanda kuma ya yi odar da ta wuce kima sai maganin ya lalace a kanta ya ƙare a murhu. A kowane mataki allo yana nuna masa abu uku: rayukan da aka ceta, kuɗin da ya rage, da hayaƙin da ya tashi. Kamar dara ce ta bakin kasuwa, inda gwani ba ya duban ramin da zai sa ɗansa yanzu sai ya hango abin da zai buɗe wa abokin karawa bayan motsi uku.

Wajibi ne kuma wasan ya ƙunshi wuraren da ma'aunan uku suke saɓawa, domin nan ne tarbiyyar take. A ƙaddara tsakar dare mace ta zo da naƙuda ta gardama, jini yana zuba, babban asibitin jiha yana Diffa, ko ma sai an dangana da Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 450. Motar ɗaukar marasa lafiya za ta sha mai mai yawa. Ɗalibin da ya tsaya lissafin hayaƙi a wannan hali, kamata ya yi wasan ya kayar da shi nan take, ba tare da wani maki na ta'aziyya ba. Haka wanda ya ce zai tafasa allurar yarwa ya sake amfani da ita don rage shara, a ƙasar da ciwon hanta ya yi katutu. Malamanmu sun riga sun jera maslahohi daki-daki, sun sa kiyaye rai a gaba da kiyaye dukiya, kuma duk manhajar da ta birkita wannan jeri ba ta cancanci shiga aji ba. Abin da ake so ɗalibi ya ƙi shi ne almubazzaranci: injin da ke ruri ba aiki, safar hannu da ake sawa inda wanke hannu ya wadatar, allura da ƙarin ruwa da ake yi wa wanda ƙwaya za ta warkar don kawai 'yan'uwansa sun fi ganin girman allura. Wannan na ƙarshe kowa ya san shi, kuma ba ƙaramin jarumi ne ke iya cewa a'a ga dattijon da ya zo da ɗansa yana neman a sa masa ruwa ba.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Tun 2015 kaso mai yawa na aikin lafiya a jihar Diffa yana tafiya ne da hannun ƙungiyoyin agaji, kuma hayaƙi mai yawa a nan, in za a faɗi gaskiya, nasu ne: jerin manyan motoci masu sanyi, jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin Yamai da Diffa, kaya daga ɗakunan ajiya na Turai, waɗanda a da ake saukewa a Kwatano, tun rufe iyakar Benin a 2023 kuma suke zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Su kansu sun san haka. Médecins Sans Frontières ta yi alkawarin rage rabin hayaƙinta kafin 2030 bisa ma'aunin 2019, ALIMA ma, wadda ke aiki da ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa, ta ɗauki irin wannan alkawari. Ɗaliban yau su ne za su zama ma'aikatan waɗannan ƙungiyoyi da na gwamnati gobe, su ne za su riƙa cika takardar oda, kuma wanda ya san lissafin zai iya tambaya a taron ofis me ya sa ake ɗauko daga ƙetare abin da ake yi a gida, tunda abincin gyaɗa na yara masu tamowa ana sarrafa shi a Yamai. Ba zan wuce ba sai na ambaci abin da ke cikin zuciyar kowane ɗan jihar: rijiyoyin man Agadem a ƙasar Diffa suke, tun 2011 ake tura ɗanyen zuwa matatar Damagaram, tun 2024 kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yake kai shi gaɓar tekun Benin. Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaya a aji me ya sa ake ce masa ya rage hayaƙi alhali ana haƙo mai a jiharsa, kuma gara malami ya shirya mata amsa.

Masu ƙera irin wannan wasa ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta ba da ƙarfinta ga ilimin muhalli da noma. Makarantar kiwon lafiya ta Damagaram da sassan likita na jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Yamai suna da ɗalibai da malamai. Babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro suna da littattafan mai da na firiji da na magani, waɗanda daga cikinsu za a ciro adadi na gaskiya maimakon na asibitin wata ƙasa. Ƙasar kuma tana da gado a wannan fanni, domin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da rana tun duniya ba ta damu da zancen ba, kuma shi ne ya rubuta littafi a 1964 yana jayayya cewa ilimin Afirka sai ya tsaya a kan harsunanta da bukatunta. Sharuɗɗan aikin a bayyane suke: wasan ya yi aiki ba tare da intanet ba, a ƙaramar waya mai arha, ya wuce daga waya zuwa waya yadda matasa ke tura waƙoƙi, ya yi magana da Faransanci da Hausa da Barbarci, tunda ungozoma da mai shara da mai gadin da ke tayar da gurup su ma suna cikin lissafin ko da ba su zauna aji ba.

Kuma a sa masa shekara ta biyu da ta uku, kada ya ƙare ranar da aka kafa faranti aka ɗauki hoto. Yawancin wutar rana da ta mutu a cibiyoyin karkara ba rana ce ta gaza ba: batir ne ya ƙare ba a tanadi kuɗin sauya shi ba, ko an jona masa firijin ruwan sanyi da cajin wayoyin unguwa, ko mai gyara yana can Damagaram ba wanda ya san lambarsa. Mataccen batirin kuma darma ce, wadda in aka bar ta a bayan gini masu fasa ta za su zo, su narka ta a tsakar gida inda yara ke wasa, wasan kuwa sai ya tambayi majo inda zai kai shi, da kuma layin kasafin da zai biya kuɗin motar.